Lantana Likitar Kaji

Lokacin da Lantana ta sauka a Karmo, farkon shekarun tamanin, Abuja ba ta wuce ramuka da jar ƙasa da motocin tifa ba. Mijinta ta biyo, Dallatu mai ɗori, Bazazzagi, wanda ya ji ana gina sabon birni ya ce ai duk inda ake hawa sama dole wani ya faɗo. Bai kuwa yi ƙarya ba. Kafin su shekara, ƙofar ɗakinsu na langa-langa ta zama kamar tasha, birkiloli da kafintoci da leburori, kowa da irin tasa faɗuwar.

Dallatu gwani ne, kuma ya san shi gwani ne, abin da ya fi gajiyar da mutane ke nan. Sau ɗaya zai shafa gaɓa ya yanke hukunci. "Targaɗe ne, jijiya ce ta murɗe, tashi ka daina yi mana kuka." Ko ya ce gocewa ce, ƙashi ya bar gurbinsa. Tsagewa daban, karaya daban, kuma kaiconka in ka haɗa su a gabansa. In ƙashi ya huda fata ya leƙo, ba ya taɓawa, asibiti yake turawa.

Akwai wata al'ada da ya gada wurin kakansa. Duk wanda ya karye sai ya zo da kaza. Dallatu ya ɗora mutum da karan ɗori, sannan ya karya ƙafar kazar ita ma a ɗaure. Ranar da kaza ta taka, mai ita ya kusa miƙewa. Sai dai da zarar ya gama da mutum, kazar ba ta gabansa. Tsumma kawai zai naɗa mata ya wurga ta bayan ɗaki.

Wannan abu yana ƙona wa Lantana rai. Ita mace ce mai tausayin dabbobi, ga bakin da ba ya ajiye magana, amma ta san gardama da Dallatu ɓata yawu ne. Sai ta riƙa bin kajin tana kwance tsumman. Ta laluba da babban yatsa har ta ji bakin ƙashin, ta ja a hankali ya zauna, ta sa tsinken kara ta ɗaure. Na farko-farko sun warke a karkace, suna tafiya kamar masu rawa. Daga baya ko ɗingishi babu. Masu jinya su zo duba kajinsu, su ga suna tono abinsu, su yi ta sa wa Dallatu albarka. Shi kuwa in ya gan ta a tsugune sai ya ce, "Sannu da aiki, likitar kaji."

Shekarar da gwamnati ta kwaso komatsanta daga Legas ta tare a Abuja, a ita hannun Dallatu ya fara ƙin sa. Gaɓoɓin yatsunsa suka kumbura suka lanƙwashe, da safe ko carbi ba ya iya ja. Ya ce sanyi ne. Leonard mai kemis, maƙwabcinsu, ya duba ya girgiza kai. "Oga Dallatu, this one no be sanyi. Atiraitis ne, hannunka ta gaji." A asibiti aka ce amosanin gaɓɓai ne, ana lallaɓa shi amma ba ya tafiya. Dallatu ya dawo ya cusa hannuwa cikin babbar riga, ya hana a gaya wa kowa.

Ana haka aka kawo Asta. Bafillatana ce mai tallan nono, kullum daga rugarsu take takowa har unguwar Kado da ƙwarya a ka, kuma ba ta wuce ƙofar Lantana ba tare da ta tsaya sun taɓa hira ba. Ta zurma cikin wani ramin kwalbati da aka haƙa aka bari, ƙaurinta ya karye. Mijinta, Manniru, yana riƙe da kaza. Da aka ambaci asibiti ya ce ina, can yanke ƙafa ake yi, in Baba ba zai ɗora ba ruga zai mai da ita. Kowa a wurin ya san ma'anar haka: ƙafar za ta haɗe a karkace, tallan nono ya ƙare.

Dallatu ya zaro hannuwansa ya yi bisimilla ya kama. Yatsun suka zame. Ya sake kamawa, Asta ta ƙwalla ƙara, ƙashin bai motsa ba. Ya koma ya zauna yana gumi. Lantana ba ta taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

"Malam, ɗan matsa," ta ce.

"Ke, wannan fa ba kaza ba ce."

"Na sani. Ƙashin kaza ya fi wannan wuyar kamu. Danne mini gwiwar da damtsenka."

Ya dube ta, ya dubi jama'a, sannan ya danne. Lantana ta laluba da babban yatsa har ta ji bakin ƙashin. Ta ja a hankali, ta ƙara ja, sai ya zauna. Dallatu ya bi wurin da bayan hannu, ya miƙo mata karan ɗori.

Manniru ya turo kazar gaba. Lantana ta karɓe ta ta saka a hammata. "Wannan kam ta tsira. Shekara tara ina ɗinke ɓarnar Malam, na gaji."

"To Inna, da me za mu gane ta warke?"

"Ka dubi matarka mana. Ai tana da baki."

Wata biyu da 'yan kwanaki, sai ga Asta ta ɓullo ta kan layi da ƙwarya a ka. Dallatu yana zaune a ƙofa, ya zuba wa ƙafar ido tun daga nesa yana neman ɗingishi, bai samu ba. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai, amma shi bai taɓa zaton a bayan ɗakinsa kan ke yin fari ba.

A gefensa wani birkila ne da aka kawo da kafaɗa a goce, yana ta nishi. "Baba, ka duba ni mana."

Dallatu ya mai da hannuwansa cikin riga. "Yi haƙuri, ɗana. Mai ɗorin tana wanke-wanke, yanzu za ta fito."