Sawun Taya a Hanyar Gozaki

Duk wanda ya san tashar Kafur a farkon mulkin kai ya san Amos mai faci, kuma kaɗan ne za su ce maka suna son sa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, bakinsa ba linzami. In ka kawo masa taya zai gyara maka ita tsaf, amma kafin ya miƙo maka sai ya faɗa maka irin sakarcin da ya sa ta fashe, ko a gaban surukinka ne. Rumfarsa ta kara tana gindin wata ɗorawa a bakin tasha, shekara goma sha ɗaya yana nan. Da ita yake ci da matarsa Atu da 'ya'ya huɗu, ba shi da wani abin dogaro bayanta.

Ɗan manoma ne daga wani ƙauye a bayan Gozaki. Yana saurayi ya bi 'yan mishan zuwa Malumfashi, ya karɓi addininsu da sabon suna, ya yi shekara shida yana kwance taya a garejinsu. Da zai tafi, Baturen da ya koya masa aiki ya ba shi geji na tagulla, ɗan ƙarfen da ake dannawa a bakin bawul ya nuna yawan iskar da ke cikin taya. A duk tashar shi kaɗai ke da irinsa. Sauran mutane da ƙarfe suke gwaji: a buga taya, in ta yi ƙara kamar ganga an ce ta ƙoshi. Amos ya raina wannan gwaji, ya kuma raina masu yin sa, bai taɓa ɓoyewa ba.

Babban mai yin sa kuwa Shitu ne, wanda ya shekara ashirin yana jan babbar mota, yana kai auduga Funtua. Wata rana Amos ya ce a gaban direbobi, Shitu da kunne yake auna iska, kunnen kuma ya daɗe da mutuwa. Aka yi dariya. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba.

A daminar 1964 Alhaji Maiwada, mai sayen auduga da gyaɗa, ya sayi wata tsohuwar mota baƙa ƙirar Ostin a hannun Baturen da zai koma gida, ya ɗauki Shitu ya riƙa tuƙa shi. Motar ta girmi ɗan farin Amos. Tayoyinta sirara ne, sun cinye har zare ya fito, aka nemi irinsu a Funtua da Zariya aka rasa. Daga ƙarshe aka samo huɗu masu faɗi, irin na akori-kura, waɗanda suka hau wilin, wato ƙarfen ƙafar motar. Mai faci ɗaya ne a Kafur, don haka ran kasuwa Shitu ya kawo motar gindin ɗorawa yana cin magani, Alhaji na zaune a baya.

Ɗaura tayoyin bai ba Amos wuya ba. Rigimar a wajen iska ta tashi. A jikin ƙofar motar akwai ɗan farantin ƙarfe da aka rubuta ashirin da takwas, a gefen sabbin tayoyin kuma an rubuta arba'in da biyar. Shitu ya sa yatsa a kan na tayar.

"Ga shi nan a rubuce. Sa mata arba'in da biyar, ka ƙara biyar don hanya."

Amos ko kallonsa bai yi ba, Alhaji ya yi wa magana. "Alhaji, rubutun ƙofa na tsohuwar taya ne, ita kuwa ta tafi. Rubutun taya kuma iyakarta ne, ranar da ta ɗauki buhu goma sha biyu. Wagga mota kai ta ɗauka da direbanka. Taya ta ƙara girma, kaya bai ƙaru ba, ai iska raguwa za ta yi."

Ya je murhun mai shayi ya ɗebo toka, ya shafa ta a faɗin kowace taya daga gefe zuwa gefe. Ya sa aka tura motar kan daɓen siminti na rumfar awon auduga. Da iska arba'in, tsakiyar tayar kaɗai ta goge tokar, gefe biyu suna nan fari fat. Ya rage, ya sake shafawa, aka sake turawa. Sau huɗu yana yin haka, mutane sun kewaye suna kallo. Da geji ya nuna ashirin da huɗu tokar ta goge baki ɗaya, ya miƙe ya karkaɗe hannunsa, ya ce nan ne wurinta.

Shitu ya ɗauko ƙarfen kwance taya ya buga ta gaba. Ta yi wani dum, ba daɗin ji. Ya juya ga jama'a yana murmushin mugunta.

"Kun ji ko? Taya ta yi ciki kamar akuya. Mutum shekara ashirin bisa hanya, yau da tokar mai shayi za a koya mai mota."

"Shekara ashirin kana kashe tayar mutane," in ji Amos.

Alhaji Maiwada bai san komai game da taya ba. Abin da ya sani shi ne ya sayi mota don a gan shi, kuma tayar da ta ɗan kwanta a ƙasa ba ta yi masa kyau a ido ba. Ya ce a bi rubutu. Amos ya ce ba da ƙafarsa ba. Shitu ya ture shi gefe, ya jawo famfon iskar Amos, ya dinga takawa yana gumi har kowace taya ta yi ƙara yadda yake so.

Amos ya koma kan kututturen da yake zama a kai. Ya san hanyar Gozaki, wadda motar za ta bi ranar, kamar tsakar gidansu. Gargada ce da jar laka, ga hadari yana haɗuwa a gabas. Mota maras nauyi a kan taya mai tauri haka tsalle za ta riƙa yi, tsakiyar taya kaɗai ke taɓa ƙasa, a kwanar farko ta zame cikin kwari. Ba tausayin Shitu yake ji ba, ko kaɗan. Abin da ke cin sa shi ne in ta faɗi, tambayar da za a yi ita ce wa ya ɗaura tayar.

Aka kira azahar. Alhaji da Shitu da rabin tasha suka nufi masallaci. Mai hankali da ya zauna a wurinsa. Amos ya ɗauki gejinsa ya durƙusa gaban motar, ya danna bawul, iska ta fara fita tana shuu. Ya gama ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Yana maida murfin ta huɗu ya ji an shaƙo wuyan rigarsa ta baya.

"Jama'a ku zo ku gani," Shitu ke faɗi, daɗi ya cika shi. "Muna salla yana sace iskar motar Alhaji. Kashe mu yake so ya yi."

Kafin ka ce me, wurin ya cika. Duk wanda Amos ya taɓa kunyatawa cikin shekara goma sha ɗaya ya samu bakin magana ranar, kuma suna da yawa. Sarkin tasha Lawal ya zo, ya ji ta bakin Shitu, ya tambayi Amos ko shi ya sako iskar. Amos ya ce shi ne. Lawal ba mugu ba ne, ya buɗe masa ƙofa: ya ba Alhaji haƙuri, ya maida iskar da ƙafarsa, magana ta wuce. Atu, wadda ta baro tallan daddawarta ta kutso cikin taron, ta kama hannunsa tana cewa a hankali, "Maigida, don Allah ka ba shi haƙuri. Ka tuna yara."

Amos ya dubi matarsa, ya dubi rumfar, ya dubi Alhaji. "Haƙurin mi? Motarka na ƙwato daga hannun jaki, kai ya kamata ka gode mani."

Kafin la'asar sarkin tasha ya sa an tsige rumfar. Amos ya ɗaure famfonsa da ƙarafansa a kan keke, Atu na biye tana kuka, ba wanda ya ce musu sai wata rana. Ruwa ya sauko, famfo ya tafi tare da mai shi, dole Shitu ya ja motar yadda take. Ta isa Gozaki lafiya lau, ko zamewa ba ta yi ba. Da ya dawo ya cika tasha da labarin yadda ƙwarewarsa ta fidda Alhaji duk da sharrin mai faci, aka kuwa yarda.

Amos bai ƙara yin faci ba. Labari ya riga shi zuwa Malumfashi da Ƙarfi, ba direban da zai ba shi taya. Ya koma gonar ubansa a bakin hanyar Gozaki yana noman dawa, bai iya ba sosai, wasu shekarun abincin ba ya kai su kaka. Gejin yana cikin wani gwangwani a saman rumbu. Atu ta taɓa ce masa ta ga Shitu a bayan rumfar awo, shi kaɗai, yana shafa toka a taya. Ya daka mata tsawa, ya ce kar ta sake kawo masa sunan mutumin a gida.

Damina ta uku yana noman firi a gefen hanya, sai ga baƙar Ostin ta taho. Ta wuce shi sumul, Shitu ya ɗauke kai, Alhaji na gyangyaɗi a baya. Amos ya tsaya har ta ɓace. Sannan ya fito kan hanya ya tsuguna. Sawun tayar ya fito a jar laka cikakke, daga gefe zuwa gefe, ba inda ya tsallake. Ya ɗora yatsunsa a kai ya auna faɗinsa.

"Ashirin da huɗu," ya ce, ba mai jin sa.

Ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe, ya sa fartanya ya bi sawun yana kankarewa, tun daga inda gonarsa ta fara har inda ta ƙare.