Gaisuwar Da Ta Kwana a Intanet

Na zauna a Khartoum, na zauna a Yamai, na ɗan taɓa Ingila, amma taron da ba zai taɓa fita daga raina ba a nan Potiskum aka yi shi, a ɗakin karatun wata kwaleji.

Bayan na yi ritaya suka sa ni a kwamitin gyara shafinsu na intanet, inda kowane fanni yake da jagorar bincike, wato shafin da ke nuna wa ɗalibi littattafai da mujallun da zai duba. Wata matashiyar ma'aikaciya ce ta yi aikin. Ta lura kowace jagora da gaisuwa take farawa: a gaida shugaba, a gaida magatakarda, a gode wa iyaye. Ɗalibi daga ƙauyukan Nangere zai ƙarar da datarsa bai kai ga littafi ko ɗaya ba. Sai ta share gaisuwar kaf.

Shugaban sashen Tarihi, dattijo sa'ana, ya ce sam. Wai ko a kasuwar shanu ba a taya saniya sai an tambayi gida da gajiya, balle wurin ilimi. Ya rantse in ba a mayar ba, zai sa a karɓe aikin daga hannunta. Ni dai na ga Baturen da ke gaisuwa da gira kawai, na ga Basudanen da ke dafa kafaɗarka har shayi ya huce, don haka na kasa ɗaukar ɓangare.

Ranar yanke hukunci sabon shugaban kwalejin ya zo da kansa. Yarinyar tana gefe. Dattijon ya sa aka haska tsohuwar jagorarsa a bango, ya gyara hula, ya fara karantawa da ƙarfi don mu ji ladabin da aka zubar. Ya manta shekarun da rubutun ya yi. Gaisuwar ta tsohon shugaban kwalejin ce, wanda suka yi takarar kujera da na yanzu. Bakinsa ya riga idonsa, sai da ya karanta inda shi da kansa ya rubuta cewa kwalejin ba za ta sake samun kamar tsohon shugaban ba har abada.

Dattijon ya ɗago kai, suka haɗa ido da sabon shugaba.

Shugaba ya yi murmushi ya ce, "Ci gaba mana, Malam, muna ƙaruwa."

Dattijon ya juya wajen yarinyar, murya ƙasa-ƙasa: "'Yata, wannan sharewar taki, tana ɗaukar lokaci?"

Ta ce, "An riga an yi, Baba."

Ya ce Allah ya yi mata albarka. A ranar aka amince da aikinta, aka bar sallama layi ɗaya a saman kowace jagora.

Tun daga nan na gane gaisuwa abar baki ce, kullum ana sabunta ta. In ka rubuta ka ajiye, tana nan tana gaida wanda ya tafi a gaban wanda ya zo.