Dalmar Birgin Kawu Sale

Ƙanƙara

Ana sallame asuba na rataya jaka na nufi tasha. Cikin jakar akwai gwangwani biyu na silikon, wata roba mai ruwa da ake kwaɓawa ta daskare ta zama mazubi, sai dunƙulen dalma da ludayin ƙarfe. Gyaran batir ne sana'ata. Zubin dalma a waya na koye shi, ina yi wa masu fatsa na unguwarmu a bayan gida.

Kawu Sale, wan mahaifiyata, masunci ne. Da ɓarayin daji suka tashi ƙauyensu ya koma Sabuwa, ya baro birginsa, wato tarun nan da ake wurgawa. Ya saƙa sabo, amma babu dalmar da za ta nutsar da bakinsa, ta kasuwa kuma ya ce ba ta yi mashi ba. Ƙwaya ɗaya ta tsira a aljihunsa, zubin mahaifinsa, irinta yake so, ya kuma ƙi ba kowa ya kawo mani. Dole ni na je.

Mota ta cika, direba ya ƙi tashi. "Sai na ga motocin Sheme sun fara shigowa, in san hanya lafiya," in ji shi. Ba wanda ya yi musu. Sai da hantsi ya ɗaga muka kama hanya, idon kowa na kan daji.

Faskari

Gab da shiga gari aka tsai da mu a shingen jami'an tsaro, aka ce kowa ya buɗe kayansa. Wani jami'i ya ɗaga dalmar, ya zaro wani ƙaramin mazubi da na manta a ƙasan jaka, mai ramuka kamar ƙwayar gujiya.

"Malam, harsashi kake zuba wa mutanen daji?"

Na ce na kamun kifi ne. Ya ce in koma gefe. Direba ya ba ni haƙuri ya ja motarsa.

Ina zaune gindin dalbejiya har la'asar, ba ci ba sha, ina tunanin wa zai gaya wa iyalina. Da babbansu ya zo na roƙe shi ya bari in zuba ɗaya a gabansa. Aka aro murhun wani mai shayi, na narka dalma, na zuba. Da ta huce ya juya ta, ya ga hudar zare a tsakiya, ya daɗe yana kallo.

"Kar ka ga laifinmu," ya ce. "Kwashe kayanka."

Motar Sabuwa ta riga ta ƙare. Mai shayin, Malam Iro, ya ba ni tuwon masara da miyar kuka daga gidansa, na kwana kan bencinsa, sauro ya yi yadda ya so da ni.

Sabuwa

Washegari muka zagaya ta Ɗandume, mu huɗu a gaban mota, ƙafata ta mutu tun kafin rabin hanya. Na sami Kawu a wani ɗaki da aka ara mashi, ya rame ƙwarai. Ko ruwa ban gama sha ba ya kwance ƙullin tsumma ya miƙo mani dalmar, doguwa kamar ɗan yatsa, ta sha hannu har tana sheƙi.

"Ba dai za ka narka ta ba?"

"A'a Kawu, siffarta kawai zan ɗauka."

Na kafa ta cikin gwangwanin kifi, na kwaɓa silikon na tsiyaya a hankali don kada iska ta maƙale. Kawu ya zauna gadinta har robar ta daskare da safe. Na tsaga mazubin da reza, na mayar mashi da abinsa.

Zubin ya ci yini guda. A bayan gida muka yi, matarsa Inna Hajara ta kore yara can nesa saboda hayaƙin dalma guba ne. In barbaɗa hoda a mazubi don kada dalma ta maƙale, in zuba, in jira mazubi ya huce, in sake. Bayana ya ƙage, kaina na sarawa. Shi kuwa Kawu yana gefe yana ɗaura su a bakin birgi.

Da yamma ya miƙe, ya saɓa birgin a kafaɗa, ya murɗa jiki ya wurga a tsakar gida. Birgin ya buɗe kamar faifai ya kifu a kan busasshiyar ƙasa. Kaji suka watse.

Na ce, "Kawu, yaushe za a shiga ruwa?"

"Ruwan da na sani yana hannun wasu," ya ce, yana tattara birgin. "Amma akwai wani tafki nan bayan gari. Ba a rasa tarwaɗa."

Komawa

Washegari na kamo hanya, na bar mashi mazubin da ludayin. Ana kiran magariba na shiga Ƙanƙara, ƙafafuna sun kumbura, na yi salla a zaune. Na gode wa Allah da ya maido ni, na gode wa Malam Iro da bai san ni ba ya ciyar da ni.

Bayan sati wani direban Sabuwa ya tsaya ƙofar shagona ya miƙo mani ƙullin takarda da mai ya jiƙa. Tarwaɗa ce ƙyafaffiya, ƙanana, ba su fi tafin hannu ba.