Yadda na yi wa mai littattafan Kudai karatu

Aji uku na yi a gida kafin mahaifina ya taho da mu ƙasa mai tsarki ta Chadi da Sudan. Ina faɗi tun farko don kada wani mai digiri ya zo yana gyara mini rubutu. Na haura arba'in ina tuƙin bas a Kudai, tashar motocin alhazai, amma takardar boko sai in riƙa tsintar haruffa ɗai-ɗai, in kai ƙarshen layi na manta farkonsa. Babu wanda ya sani, har matata.

A bayan tashar akwai wani tsoho mai shagon littattafai, faɗin tabarma uku. Ba odarsu yake yi ba. Idan alhazai za su koma, dabino da zamzam sun cika awon jirgi, littafin da mutum ya taho da shi ne farkon abin yarwa. Shi kuwa sai ya bi masaukai da buhu. Ya ɗinke, ya manne, ya sayar da kaɗan, sauran ya ba da haya. Har wani ɗan ƙaramin littafi ya buga da kansa, na yadda tsofaffi za su gane hanya daga Muzdalifa zuwa Mina. Dokarsa ɗaya ce: in ka dawo da littafi, sai ka faɗa masa abin da ke ciki.

Na ɗauki wani marar bango don direbobi su gan ni da shi. Ya yini a gaban mota ranar Arfa, rana ta gasa shi, ban buɗe ba. Da na mayar, na tarar da mutum uku a shagon.

"Direba, yaya ta ƙare?" in ji tsohon.

"Lafiya lau, Baba. Sun yi aure."

"To, madalla."

Sai da mutanen suka fita ya ce, "Kajin ne suka yi auren? Littafin kiwon kaji na ba ka."

Na miƙe zan tafi, na riga na yanke ba zan sake bin layin ba. Ya kama mini riga.

"Zauna, ɗana, taimako nake nema. Idona ya mutu, baƙi ya daina zama mini wuri ɗaya. Ka riƙa karanta mini bayan la'asar."

Makaho ba ya ganin zufar mutum, don haka na yarda. Wata bakwai muna yi. In na cije a kalma sai ya ci gaba da jan carbi har in fito da kaina. Muka gama kaji, muka shiga labarai.

Wata rana na zo da wuri. Yana zaune da littafi a cinya zai ɗinke, ya ɗaga allura, ya zura zare sau ɗaya tak, ba tabarau. Ya ɗago, muka haɗa ido. Na jira ya yi bayani.

"To, tayyib," ya ce. "A ina muka tsaya?"

Na buɗe shafin na ci gaba.

Ya rasu, Allah ya jiƙansa. 'Ya'yansa, da Hausa ba ta fita bakinsu sai da tari, sun mai da shagon wurin gyaran waya. A garin nan na ga masu ilimi da yawa, kowa so yake ka san ya fi ka. Mutum ɗaya na gani da ya mai da kansa makaho don kada in ji kunya. Wannan da kuke karantawa, da hannuna na rubuta, ba wanda ya duba mini.