Muryar Gwaggo Mai Ɗinki

Gwaggo mai ɗinki masifaffiya ce, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ko allura ce ta karye sai ta sha zagi.

Da ƙarin da ke wuyanta ya rikiɗe ya zama ciwon daji, likitoci masu bincike suka nemi gwada sabuwar hanyar tiyata a kanta. Suka gargaɗe ta cewa tana iya rasa murya. 'Ya'yan ƙanenta, waɗanda suka tashi cikin asharinta, har murmushi suka yi. Ta gani.

Aka cire ƙarin, aka yanko fatar cinyarta aka yi wa wuyan faci. Ta farfaɗo murya a dishe, sai raɗa. Ta yafito su bakin gado.

"Ku matso da kunnuwanku, 'yan banza. Ban gama da ku ba."