Tsohuwar da ta ce ita Walon ce

Shekarun baya ina aikin kai kujeru da gadaje gidajen mutane daga wani kanti a titin Wendover Avenue, nan Amurka. A makon da nake ba ku labari, 'yata ta zo da aikin makaranta, an ce kowa ya rubuta asalinsa. Ta rubuta cewa mu 'yan zango ne na Kumasi. Na sa ta goge. Na ce ta rubuta Ghana kawai. A Kumasi aka haifi mahaifina, aka haife ni, amma na tashi ina jin ana kiranmu baƙi, kuma ban so kalmar ta biyo ta har Amurka ba.

Ranar Laraba ni da abokin aikina, mutumin Nijar, muka kai wa wata tsohuwa kabad a garin Pleasant Garden. Ya ji tana Faransanci a waya, sai suka ɓarke da hira. Ni kuma, don kada a bar ni a baya, na tambaye ta da Turanci ko daga Faris take.

"A'a," in ji ta. "Walon ce ni, daga kudancin Beljiyam. Muna da harshenmu, kakata da shi ta rene ni."

Na gyaɗa kai kamar na sani, alhali ban taɓa jin sunan ba. Ta gane, ta yi murmushi. Ta ce ba su suka raɗa wa kansu sunan ba. Maƙwabtansu masu harsunan dangin Jamusanci ne tun zamanin da suke kiran irinsu da wata kalma mai nufin baƙo, wanda bakinsa ba namu ba. Daga tushen nan sunan yankin Wales na Birtaniya ma ya fito.

"Kuma kuna amsawa?" na tambaye ta.

"A ƙasarmu aka same mu aka ce mana baƙi. Mun daɗe da sunan har ya zama namu. Wa zan mayar wa yanzu?"

Da na koma gida na samu 'yata ta gama kwafe aikin. Na ce ta ɗauko sabuwar takarda. Na gaya mata zango wurin da fatake ke sauke kaya ne, kuma kakana fataucin goro ya yi har ya zauna a can.

Har yau ina jin kunyar gogewar da na sa ta yi. Yanzu tana jami'a, Hausarta duk a karye, amma in aka tambaye ta daga ina take, zango take fara ambata kafin Ghana.