Akwati Uku, Suna Ɗaya

Tsani na fara gani da na dawo daga makaranta, jingine da bangon zaurenmu, an tokare ƙafarsa ɗaya da rabin bulo don kada ya goce. A gindinsa akwai farin kebul a naɗe kamar gammo, da kwalaye uku da aka yage bakinsu. Wani mutum da ban sani ba yana bisa yana huda bango, garin siminti na zubo masa a hula, Yayana kuma yana riƙe da tsanin. Na sunkuyar da kai na gaishe su. Ban tabbata sun ji ba, na wuce ciki.

A bakin Inna na ji abin da ake yi. Baba dillalin shanu ne, kuma rabin cinikinsa ya koma waya: a turo masa bidiyon bijimi daga ƙauyukan Fika, shi kuma ya tura wa masu saye tun kafin ranar kasuwa. Gidanmu dogo ne, bangonsa mai kauri, wayfai ɗin da ke falon Baba ba ya kai zaure, ba ya kai cikin gida. Shi ne Yaya ya kawo abokinsa ya sa akwatuna uku, ɗaya a zaure, ɗaya a falo, ɗaya a wajenmu. Yaya ya ce duk suna ɗaya za su ci, lambar sirri ɗaya, ta yadda in mutum yana tafiya da waya wannan akwatin zai miƙa shi ga wancan ba tare da ya sani ba, kamar yadda magina suke miƙa wa juna bulo.

Ba wanda ya kai ni murna a gidan, ko da yake ban nuna ba. Malamarmu ta Kemistri ta koma Damaturu saura wata huɗu mu yi jarrabawar fita, amma ta ci gaba da koya mana ta bidiyo bayan la'asar, sau uku a mako. Doka ɗaya ta kafa. Duk wadda ta fita ta dawo sau uku a darasi ɗaya za ta cire ta daga grup, domin kowace dawowa sai ta dakata ta buɗe mata. Ni kuwa bayan la'asar lokacin girki ne, kuma ni kaɗai ce 'ya mace da ta rage a gida. Sai in sa wayar Inna a aljihu, in zura abin sauraro a kunne ta ƙarƙashin ɗankwali, ina saurare ina aiki: ɗaki, kicin, sannan in kai shayin baƙin Baba bakin zaure in ajiye in dawo. Akwatunan nan kamar domina aka ƙirƙiro su.

Da aka zo kan akwati na uku, Yaya ya leƙo ya ce za a shigo. Muka kwashe shanya da sauri, ni da Inna, muka shige ɗaki muka saki labule. Ta gefen labulen na kalli abokin nasa. Ya shigo kansa a ƙasa, wayarsa a gabansa kamar wanda ya ɗauko kwano cike da ruwa. Tsakiyar tsakar gida ya bi, bai dubi dama ba, bai dubi hagu ba. Bai kusanci kicin ba, balle ɗakuna. Ya kai gindin dalbejiya ya juyo, ya ce wa Yaya wayfai ya cika ko'ina. Ya kafa akwatin a bangon da ya fi kusa da hanyar fita, saman ƙofar soro, bayan tankin ruwa na ƙarfe, ya fice. Ko ruwan shayi ba zai tafasa ba a lokacin da ya yi a ciki. Mutumin kirki ne, na ga haka. Kunyarmu ya ji, ya auna gidan da babu kowa a cikinsa.

Darasin farko ya fara lafiya. Na kai shayi zaure, ina dawowa, daidai tankin muryar Malama ta soma rawa. Ina taka ƙofar kicin ta ɗauke. Na tsaya da faranti a hannu ina kallon ɗan zoben nan na fuskar waya yana juyawa har albasa ta fara ƙonewa. Sau biyu haka ta faru ranar. A darasi na biyu baƙin suka ƙaru, na je zaure sau uku, kafin a kira magariba na ga an cire ni. Na rubuta mata ban-haƙuri, na goge, na sake rubutawa. Ta mayar da ni, ta ce wannan ne na ƙarshe, wadda ba ta da lokacin karatu ta bar wa masu shi.

Na gaya wa Yaya. Ya zo ya tsaya a tsakiyar gida, daidai inda abokinsa ya tsaya, ya ɗaga wayarsa ya nuna mini.

"Ga shi fal. Wayar Inna ce ta tsufa, ai ta kusa girme ki."

Inna na tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Tsohuwar ce dai kake ara in taka ta mutu."

Ya yi dariya ya tafi. Na so in ce masa ya taka zuwa kicin, ya je zaure ya dawo yana magana da wani, amma ya riga ya kai soro, ni kuma ba na iya ɗaga murya in kira mutum ya dawo.

Sai na koma lura, tunda shi na iya. Na gane in na fara darasi a kicin ban je ko'ina ba, wayfai yana riƙewa, ko da rauni. Sai na je zaure na dawo ne yake yankewa. Kowane akwati yana da 'yar koriyar fitila da take ƙyaftawa da sauri in ana amfani da shi. Wata rana na tsaya a gindin tanki, Malama na magana a kunnena, na ɗaga kai na ga fitilar akwatinmu ko motsi ba ta yi. Na leƙa ta soro, ta zaure kuwa tana ta ƙyaftawa, alhali ba kowa a can. Ashe wayar ba ta sakin na zaure. Tana manne da shi tun daga can, ta wuce ƙarƙashin namu ba ta kula shi ba, har sai bangon kicin ya raba su, sannan ta fara laluben wani. Daga baya na ji Yaya yana faɗa wa Baba da alfahari cewa abokinsa ya ƙure ƙarfin na zaure, don abokan Baba da ke zama a dakalin waje su samu. Ga dalilin kenan. Kuma da yake sunansu ɗaya, ba mai iya gane wanne waya ta kama in ya duba fuskarta.

Na gwada kashe wayfai in kunna a gindin tanki. Tana komawa kan namu nan take, amma a wajen Malama wannan ma fita ce. Na gwada barin wayar a kicin in ruga zaure in dawo, sai na tarar an wuce lissafin da nake jira, ko an kira ni ban amsa ba. Mako biyu na yi ina ƙirga fitata a kowane darasi, in na kai biyu sai in ce wa Inna kaina na ciwo don kada a sake aike na. Ba na son ƙaryar, kuma na san ta gane.

A bayan littafina na Kemistri na zana gidanmu. Na sa akwatunan uku, na sa tanki, na ja layin da nake bi. Taku ashirin da biyu daga zaure zuwa inda murya ke fara rawa, taku tara daga nan zuwa inda take mutuwa. Na yi alama a bangon kicin ta waje, inda nake ganin akwatin zai fi amfani, na rubuta a ƙasa cewa a rage ƙarfin na zaure. Na rufe littafin, ya kwana huɗu a jaka ban nuna wa kowa ba.

Ranar Juma'a na ji Yaya yana cewa abokinsa zai zo gobe ya gyara wani kebul a falo, zai kuma sake duba cikin gida tunda wata tana ƙorafi. Na san yadda za a yi. Za a ce za a shigo, mu kwashe shanya, mu saki labule, ya bi tsakiya da kai a ƙasa ya ce ya cika ko'ina. Ran Litinin kuma akwai darasi, kuma daren kasuwa na matsowa, baƙi za su cika zaure.

Da Baba ya dawo daga masallaci ya ci abinci, na kai masa ruwa falo da littafin a ƙarƙashin faranti. Na durƙusa na ajiye, ban tashi ba. Ya dube ni, ya tambaya ko lafiya. Na buɗe shafin na tura gabansa. Ya sa tabarau, ya juya littafin sama ya juya shi ƙasa, ya ce wannan ai gidansa ne, har da tanki. Ya ce in yi magana, yana ji.

"Baba, don Allah in mutumin ya zo gobe, a ce ya zauna a zaure. A ba shi takardar nan, ni kuma a ba ni wayarsa in zaga da ita, ta hanyar da nake bi."